Sunana da Fensir a Takardar Sajan Sanyi

Da safen nan ina tsaye a tashar jirgin metiro ta Montreuil, gefen Paris, zan tafi aiki, wayata ta yi ƙara. Rakiya ce daga Lyon, 'yar Baba Laminu. Tun daga yadda ta ce "Kawu" na gane.

Baba Laminu ya rasu. Sajan Sanyi ya tafi bayan sallar asuba, a ɗakinsa na Villeurbanne, gefen Lyon.

Na Allah muke, gare Shi muke komawa.

Jirgi uku suka zo suka wuce ina tsaye da waya a kunne. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce mata lafiya lau, firigo nake tunawa. Ta matsa gefe.

Duk wanda ya zauna Lyon a shekarun nan ya san shi. In bai san sunansa ba, ya san shagon: ɗan ƙaramin wurin gyaran firigo, injin sanyaya abinci, a unguwar Guillotière, tsakanin mahaucin nan Alhaji Habu da mai sayar da atamfa. Waɗanda ba su san shi ba ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ya bar mini wani aiki da nake jin tsoro, kuma sai kun san mutumin kafin ku san nauyin aikin.

Na zo Villeurbanne karatu a farkon shekarun dubu biyu, da gemuna da girman kaina da akwati biyu na littattafai. Sallar layya ta farko wani bawan Allah ya ba ni cinyar rago, a ranar kuma ɗan firigon ɗakina ya ga dama ya mutu. Na rungume shi na shiga tram, jirgin cikin gari, Turawa na kallona, ina kallon taga kamar kullum haka nake yawo.

Baba ya dubi firigon, ya dube ni, bai taɓa komai ba. Ya tambaye ni ko na iya karatu. Na ce digiri na uku nake yi.

"Ba shi na tambaye ka ba," in ji shi.

Ya miƙo mini wata takarda a cikin leda, an jera matakai da lamba. Aikina in karanta mataki da ƙarfi, shi ya yi, ya ce an yi, ni kuma in duba da idona in ce na gani. Mataki na ɗaya, a cire wuta. Ya cire. Na ce na gani, alhali atamfar maƙwabta nake kallo. Ya ajiye kayan aikinsa ya naɗe hannu. Bai yi faɗa ba, jira kawai ya yi, har na sunkuya na dubi bango na ga lallai an cire. Sannan muka wuce mataki na biyu.

Wayar da ta tsinke ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Mun yi sa'a ɗaya da rabi.

Daga baya na gane haka yake da kowa. Ba ya taɓa inji shi kaɗai. In babu mai firigo a wurin, sai ya leƙa ya kira Alhaji Habu, shi kuwa ya zo da wuƙa a hannu yana ƙorafin an raba shi da masu sayen nama, ya karanta matakan a guje kamar mai biya hadda. Baba ya ce masa ya sake. Shekara da shekaru suna wannan rigima, kuma tare suke cin abincin rana.

Sai da muka sha shayi sau da yawa kafin ya gaya mini inda ya samo wannan hali.

A Damagaram aka haife shi. Mahaifinsa tsohon sojan Faransa ne, shi ya kawo shi nan yana saurayi, Baba kuma ya shiga sojan sama. Amma a cikin sojan sama akwai wata runduna da ba ta tashi sama, ƙasa take shiga. Ita ke riƙe da makamai masu linzami na nukiliya da aka ajiye a wani tudu can kudu, kowane a tsaye cikin rijiyarsa ta siminti, da murfi a sama. Ya ce kafin su ɗauke shi sun bincike shi har akuyar kakarsa.

Masu makullan harbawa suna can ƙarƙashin dutse, bibbiyu, ɗaya ba ya iya murɗawa sai da ɗaya. Baba ba ya cikinsu, bai ma taɓa ganin makullin ba. Nasa aikin sanyi ne. Makamin ba ya son zafi, ba ya son danshi, don haka akwai injinan da ke hura masa iska dare da rana, akwai kuma masu kula da injinan. Daga nan sunan Sajan Sanyi ya fito.

Na ce masa ashe shekara kusan ashirin ya yi yana yi wa mutuwa fifita.

Ya ce to, da wa nake so ya yi, a bar ta ta ji zafi?

Dokar wurin ɗaya ce da ta fi kowace: ba mai sauka rijiya shi kaɗai. Mutum biyu ne kullum, ɗaya na yi, ɗaya na gani. In ɗaya zai fita, dukansu za su fita. Nasa na biyun wani Bafaranshe ne, Marcel. Sun yi shekaru tare, ba wanda ya taɓa cin abinci a gidan wani, amma ya ce ko da ido rufe yana gane numfashin Marcel a kan tsani.

In yana ba da labarin rijiyar muryarsa kan sauka, sai ka ga kamar shagon ya yi nisa da titi. Ya ce a sama akwai rana da tumaki da gonakin furen nan shuɗi da ake turare da shi, ƙudan zuma na ta kai da komo. Ka buɗe ƙofa ka fara sauka, ƙamshin ya bi ka taki goma ya koma. Daga nan sai sanyi da gunjin inji, siriri, wanda bayan shekara ɗaya ba ka ƙara jin sa sai in ya tsaya. Can sai ga shi a tsaye cikin hasken fitila, dogo kamar hasumiya, shiru. Ya ce bai taɓa ganin abu mai haƙuri irinsa ba.

Yakan gaishe shi. Da Hausa.

Ina kwana, ɗan gida. Ya sanyi. A ci gaba da barci.

Dalilinsa shi ne, ƙanensa ya yi aiki a ma'adinan yuraniyam na Arlit, kuma Baba ya riga ya yanke wa kansa cewa ƙasar da ke cikin kan makamin daga can aka haƙo ta. Ni da na karanta littattafai na yi masa dogon bayani, na ce ba a da tabbas, ana haɗa ta daga wurare da yawa, ana tacewa, ana juyawa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ƙara mini shayi, ya ce shi dai ya san ɗan gida in ya gan shi. Baƙi biyu ne daga ƙasa ɗaya aka saka a rami ɗaya a ƙasar mutane, in bai gaishe shi ba wa zai gaishe shi?

Marcel ya ɗauka addu'a yake yi, har yakan cire hula.

Akwai mafarkin da ya ce ya sha yi. Murfi ya buɗe, makamin ya tashi a hankali, babu wuta babu ƙara. Ya kai sama ya tsaya kamar mai tunani. Maimakon ya nufi inda aka saita shi, sai ya juya kudu. Ya haye teku, ya haye hamada, ya sauka a kan yashi kusa da duwatsun Abzin, ya durƙusa kamar raƙumi ya kwanta. Mata masu zuwa rijiya suka wuce ta gefensa ba su ko waiwaya ba.

Kafin shekarun casa'in su ƙare gwamnati ta rufe tudun. Yana tsaye aka ciro nasa, aka kwantar da shi a doguwar mota aka lulluɓe kamar mara lafiya. Ya ce masa a sauka lafiya, a hankali, don akwai manya a wurin. Aka sallami Baba da takardar yabo, ya zo Lyon ya koma yi wa kajin Alhaji Habu fifita.

Alherinsa ba mai surutu ba ne. Lokacin sanyi na farko ya ga rigar da nake sawa, washegari na tarar da kwat ɗin soja rataye a ƙofar shagon, ya ce wani ne ya manta shi shekara goma da suka wuce. Sunansa na ɗinke a wuyan. Ranar da na kare digirina ya zo ya zauna a layin gaba cikin babbar riga, ya yi barci daga farko har ƙarshe, ya farka ya fi kowa tafi. Da na samu aiki a Paris shi ya kwashe littattafaina a motar shagonsa, yana tuƙi ina karanta masa allunan hanya, yana cewa an wuce, ina cewa na gani.

Firigon nan yana kicin ɗina har yau. Bai sake tari ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa rubutawa a nan ba.

Ni ban taɓa tsayawa ɗaki ɗaya da gawa ba. Na karanta abin da malamai da masana suka rubuta a kan mutuwa cikin harsuna uku, ina iya yi muku lacca har la'asar. Amma mahaifina ya rasu a Maradi ina Lyon, kafin in isa an rufe shi, kuma ban ɓoye wa kaina ba, wani ɓangare na zuciyata ya ji sauƙi. Da wani ɗalibi ɗan Tawa ya rasu a nan, aka nemi masu wanka, ni na yi wuf na ce zan bi takardu a ofisoshi. Kowa ya yaba mini. Baba ne kawai ya dube ni irin kallon ranar da na ce na gani ina kallon atamfa.

 Shekaru suka shuɗe.

Wata bazara ya ce in raka shi tudun, yana so ya ga wurin. Muka tafi. Furen na nan, ƙudan zuma na nan, iska na kaɗa ciyawa kamar ana shafa bayan dabba. An ce wata rijiyar an kafa mata madubin kallon taurari a kai. Tasa kuwa ba a yi mata komai ba, shinge ne ya tsufa, ciyawa ta fito ta tsagar siminti, tumaki na kiwo a gefe. Ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a kan murfin, ya daɗe.

Ya ce ya yi zafi. Babu kowa a ciki.

A nan ya gaya mini ya tambayi malamai uku ko aikin da ya yi halal ne, ya samu amsa huɗu. Abin da ke cikin rijiyar nan da ya tashi, gari guda zai shafe da jariransa da tsofaffinsa, shi kuwa shi ya riƙa kula da lafiyarsa. Ya ce ya daina tambaya. In an tsayar da shi ranar hisabi, abin da zai faɗa kawai shi ne bai farka a hannuna ba, sauran kuma Mai hukunci ya fi shi sani.

Ya kuma ba ni labarin rasuwar Marcel. Ya je cocin ya zauna a kujerar baya, ya bi su har maƙabarta, ya tsaya har aka sauke akwatin. Iyalan ba su san ko wane ne wannan baƙin dattijo ba. Ya ce ai ba don su ya je ba. Mutumin bai taɓa barin sa ya sauka shi kaɗai ba.

Na gane inda maganar ta dosa, sai na ce rana ta yi, mu nemi inuwa.

Ganina da shi na ƙarshe wata biyu ke nan. Na sauka Lyon wani aiki na biya wurinsa da yamma. Ya rame, yana zaune cikin bargo biyu, na'urar ɗumama ɗaki a kunne har ina gumi. Rakiya, 'yarsa, ta kawo mana shayi ta koma. Ya ce likita ya gama nasa karatun, saura na Allah. Ya ce kuma ya riga ya gaya wa Rakiya a nan za a rufe shi, kada a mai da gawarsa gida, ba zai shiga cikin jirgi a akwatin ƙarfe a like, shi kaɗai a tsakiyar jakunkunan mutane ba.

Sannan ya jawo takarda a cikin leda daga ƙarƙashin bargon.

Matakan wankansa ne, ya jera su da lamba da rubutunsa na soja. A rufe al'aura. A yi niyya. A yi masa alwala. A fara da dama. Kafur a ruwan ƙarshe. Duk yadda littafi ya ce, ya kai wa liman ya duba. Amma ya ƙara biyu nasa. Ɗaya, ruwan ya zama mai ɗumi, an ja layi biyu a ƙarƙashi, don ya ce sanyin da ya sha ya isa. Ɗayan kuma, mutum biyu ne daga farko har a ɗaure likkafani, kada ɗaya ya fita ya bar ɗaya.

Ya ce Alhaji Habu zai yi wankan, ya iya, ya yi wa mutane da yawa. Amma mahauci ne, hannunsa na da sauri, yana bukatar mai karanta masa a hankali yana zuba ruwa yana dubawa.

"Kai ba ka iya komai da hannu ba, Farfesa," ya ce. "Amma ka iya karatu. Ni na koya maka."

Na yi dariya. Na ce ai shi zai binne mu duka, mutumin da ya yi shekara ashirin a firigo ba ya lalacewa da wuri. Na kawo labarin wani sarkin da da ya shirya jana'izarsa ya ƙara shekara talatin, na kawo wani, na cika ɗakin da magana. Ya bar ni na gama. Da zan tafi na ɗora takardar a kan firigonsa kamar zan ɗaura takalmi, na fita ban ɗauka ba.

Ya gani. Ba abin da ke wuce shi. Daga kujera ya ce mini in gaida Paris, in kuma riƙa goge bayan firigon nan, ƙura ke kashe su.

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Wata biyu ina cewa zan kira shi in ba shi amsa, ina kuma samun littafin da ya kamata in gama tukuna.

Da safen nan, bayan Rakiya ta gaya mini, sai ta ce akwai takarda a kan firigo, tun ranar da na zo ya hana a taɓa ta. A ƙasa akwai layi biyu na suna. Na farko Alhaji Habu, da bik, alƙalamin tawada. Na biyu sunana, da fensir.

Ta ce ta tambaye shi me ya sa fensir. Ya ce don in na ga ba zan iya ba a goge, kada a ce na saɓa, a nemi wani cikin jama'ar masallaci, kuma kada kowa ya yi mini maganar.

"Kawu, gobe da hantsi ne," ta ce. "In goge?"

A lokacin ne jirage ukun nan suka wuce. Ina jin numfashinta a waya, ina jin gunjin tashar, siriri, irin wanda ba ka lura da shi. Na tuna da hannunsa a kan simintin nan mai zafi.

Na ce mata ta nemo bik ta bi kan fensirin.

Ina cikin jirgin Lyon yanzu nake wannan rubutu, kwat ɗinsa a kan cinyata. Gonaki na wucewa, shanu farare a tsaye cikin hazo kamar ba a gama zana su ba. Na gyara kalma ɗaya sau huɗu. Alhaji Habu ya kira ya ce kada in damu, minti ashirin an gama. Na ce masa matakai goma sha huɗu ne, kuma ni zan karanta. Ya ce to, Allah Ya ba mu haƙuri da ku ku biyun. Daga nan muryarsa ta karye ya kashe wayar.

Ban san amsar tambayar da ya kai wa malamai uku ba. Abin da na sani, shekara goma sha biyar ina tsaye kusa da mutumin nan yana aiki, ban ga ya tsallake mataki ba, ban ga ya bar wani shi kaɗai a inda ake jin tsoro ba. Wannan da idona na duba.

Ya Allah, ga bawanKa Laminu. Ka gafarta masa abin da ya sani da abin da ya kasa samun amsarsa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya masa abokin zama daga kyawawan ayyukansa, kada ya kwana a can shi kaɗai. Ka ba Rakiya haƙuri. Ka sa barcin duk abin da ke cikin rijiyoyin duniya ya yi nauyi.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce, a hankali, ba irin karatun Alhaji Habu ba. In da saura a bakinku, ku roƙa mini ƙafafuna su riƙe ni gobe da hantsi, daga mataki na ɗaya har a ɗaure likkafani.